Shaida da Hukunci a Ƙarshen Tseren Iyo: Horar da Jami'an Gasa Daga Mahangar Birnin Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake tantance wanda ya riga isa a gasar iyo ta zamani, da irin horon da ake bai wa jami'an da ke tsayawa a bakin ruwa domin wannan aiki. An bibiyi taƙaddamar da ta haifar da dokokin da ake bi a yau, tun daga gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, sannan aka auna su da abin da wasannin Hausawa da fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan birnin Zariya suka tanada game da tsere da shaida. Maƙalar ta nuna cewa kalmar "alƙali", wadda ake laƙaba wa kowane jami'in wasa, tana rufe bambancin da ke tsakanin mai ba da shaida da mai yanke hukunci, alhali a kan wannan bambanci ne horon gaba ɗaya ya ginu.

1.0 Gabatarwa

Zariya ba garin bakin kogi ba ne irin Yawuri ko Argungu, amma bai rasa ruwan iyo ba. A cikin ganuwa akwai kududdufai da suka samu daga haƙar ƙasar gini, waɗanda kan cika da damina. A wajenta kuma akwai rafin Kubanni wanda ya ratsa ta Samaru ya gangara ya haɗu da kogin Galma. A irin waɗannan wurare ne yaran birni da na ƙauyukan kewaye suka saba koyon iyo, galibi a ɓoye, saboda iyaye na tsoron nutsewa da kuma tsargiya. Tsere a kududdufi ba ya buƙatar jami'i. Wanda ya riga dafa gaɓa shi ya ci, idan kuwa gardama ta kaure sai a sake, ko kuma babban yaro ya raba ta da tsawa.

Gasar iyo ta zamani wani abu ne daban. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana cikin jami'o'in da suka fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, a 1966, kuma Tsangayar Ilimi ta jami'ar tana yaye malaman wasannin motsa jiki da ke watsuwa a makarantun Arewa. Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973, ya sauka a Kaduna a 1977 da kuma 2009. A irin waɗannan tarurruka sakamakon tsere yana da abin da ke rataye da shi: lambar yabo, gurbin wakiltar jiha ko jami'a, wani lokaci har da tallafin karatu. Ɗalibin da ya share shekara yana atisaye zai iya rasa duk wannan saboda wani jami'i ya ƙifta ido, ko ya ji kunyar saɓa wa na gaba da shi. Saboda haka tambayar wa ke tsayawa a ƙarshen layi, da kuma abin da aka koya masa, ba ƙaramar tambaya ba ce.

2.0 Ma'anar "isa" a cikin tsere

Kowane tsere sai ya fayyace abubuwa biyu kafin a fara shi: inda ya ƙare, da kuma sashen jikin da za a duba idan an kai wurin. A tseren gudu na zamani ƙirji ake dubawa, ba kai ko hannu ko ƙafa ba. A sukuwar dawaki ta zamani hancin doki ne ma'auni. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan batu. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Sahihul Buhari ya ambaci tseren dawaki da Manzon Allah (SAW) ya shirya a Madina, tare da faɗin mafari da matuƙar kowane tsere. Muhtasar na Halil, wanda almajiran ilimi ke karantawa a unguwannin malamai irin su Kona da Juma a cikin birnin Zariya, ya ware babi ga tsere, inda ya shar'anta a ayyana mafari da matuƙa. Malaman Shafi'iyya ma sun ƙara da cewa doki da wuyansa ake sanin ya riga, raƙumi kuwa da kafaɗarsa. Ke nan tambayar da kwamitin dokokin wasanni ke fama da ita a yau tsohuwar tambaya ce a zauren karatu.

Wasannin gargajiya na Hausawa sun fi karkata ga ƙarshen da kowa ke iya gani da idonsa. A dambe, "kisa" shi ne ɗan dambe ya taɓa ƙasa. A kokawa, kaye ne. A langa, idan "ruwa" ya kai wurin sha to ya sha, babu sauran magana. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, sikeli ne ke raba gardamar wanda ya kama kifi mafi girma, ko da yake a wasannin kabanci na wannan biki akwai iyo da nutso da tseren kwalekwale waɗanda ido ne ke tantance su. Abin da ya haɗa duk waɗannan shi ne, taron jama'a kansa shaida ne. Idan mai raba gardama ya karkata, 'yan kallo za su gani.

A iyo lamarin ya sha bamban. Ba a ƙetare layi, bango ake taɓawa, kuma sau da yawa taɓawar kan auku ne a ƙarƙashin ruwa, cikin kumfa da fantsama. Kan da ya riga ɗagowa daga ruwa ba lallai ne ya zama na hannun da ya riga taɓawa ba. Ɗan kallo da ke zaune a gefe ba shi da abin da zai kafa hujja da shi, don haka nauyin ya koma kacokan kan jami'ai kaɗan.

3.0 Abin da ya faru a Rum

Hukumar wasannin ruwa ta duniya, wadda aka kafa a Landan a 1908 da sunan FINA, kuma ta koma World Aquatics a ƙarshen 2022, ta shafe fiye da rabin ƙarni tana dogaro da ido da agogon hannu. Ƙarshen wannan zamani ya faro ne daga tseren mita 100 na maza a gasar Olamfik ta Rum a 1960, tsakanin John Devitt na Ostireliya da Lance Larson na Amurka.

Kowane layi yana da masu agogo uku. Na layin Devitt duka ukun sun rubuta sakan 55.2. Na layin Larson sun rubuta 55.0 da 55.1 da 55.1. Bisa agogo ke nan Larson ya ci. Sai dai a lokacin masu duba jeri ne ke da ta cewa. Daga cikin ukun da aka ɗora wa duba na ɗaya, biyu sun ce Devitt, ɗaya ya ce Larson. Daga cikin ukun da aka ɗora wa duba na biyu kuma, biyu sun ce Devitt ne na biyu, ɗaya ya ce Larson. Idan aka haɗa shaidar mutum shida, uku sun ga Devitt a gaba, uku sun ga Larson. A nan ne babban alƙalin ya shigo ya ce shi ya ga Devitt ya riga, duk da cewa dokar lokacin ba ta ba shi ƙuri'a a wannan hurumi ba. Aka bai wa Devitt zinare, sannan aka mayar da lokacin Larson 55.2 domin kada na biyu ya fi na ɗaya sauri a rubuce. Amurka ta ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita.

Ya kamata a lura da cewa babu wanda ya tabbatar da rashin gaskiya a kan masu duba jerin nan shida. Kowannensu ya faɗi abin da ya gani. Kuskuren yana ga tsarin da ya raba tambaya ɗaya gida biyu, da kuma shugaban da ya mayar da kansa shaida na bakwai a shari'ar da shi ne ke zaune a kanta, sannan aka gyara rubutacciyar hujja domin ta dace da hukunci. Duk mai horar da jami'an iyo zai amfana da fara darasinsa da wannan labari, domin kusan kowace doka ta yau amsa ce ga wani ɓangare nasa.

4.0 Allon taɓawa da iyakarsa

Kamfanin Omega ya gabatar da allon taɓawa a gasar ƙasashen nahiyar Amurka da aka yi a Winnipeg a 1967, aka kuma yi amfani da shi a Olamfik ta Meziko a 1968. Allo ne siriri, kaurinsa santimita 1, da ake ratayawa a bangon kowane layi, santimita 30 a saman ruwa, 60 a ƙasa. An tsara shi yadda igiyar ruwa ba za ta motsa shi ba sai dannawar hannu. Da wannan, ɗan wasa ya zama shi ke tsayar da agogonsa da kansa.

Na'urar ta zo da tata gardamar. A Munik a 1972, a tseren mita 400 na salo huɗu, Gunnar Larsson na Suwidin da Tim McKee na Amurka duka sun yi minti 4 da sakan 31.98. Da aka leƙa kashi ɗaya cikin dubu na sakan, sai aka ga 31.981 da 31.983, aka bai wa Larsson zinare. Daga baya hukumar ta sauya doka ta tsaya a kashi ɗaya cikin ɗari. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Gwanin da ke cin mita 50 cikin kimanin sakan 21 yana tafiyar mita 2.4 a kowane sakan, wato milimita 2.4 a kashi ɗaya cikin dubu. Dokar ginin wurin iyo kuwa a da tana amincewa da bambancin tsawo da ya kai santimita 3, domin kankare na miƙewa yana takurewa da zafi da sanyi, fenti ma yana da kauri. Auna mutum da ma'aunin da ya fi ginin kansa daidaito zalunci ne da aka yi wa ado da lamba.

Tun daga nan aka amince da kunnen doki. Nancy Hogshead da Carrie Steinseifer sun raba zinare a 1984 da sakan 55.92. Gary Hall ƙarami da Anthony Ervin sun raba a 2000 da 21.98. A Riyo a 2016 Simone Manuel da Penny Oleksiak sun yi 52.70, a wani tseren kuma mutum uku, Michael Phelps da Chad le Clos da László Cseh, suka haɗu a azurfa da 51.14.

Allon bai kori ɗan Adam daga bakin ruwa ba. A Bejin a 2008 Phelps ya yi 50.58, Milorad Čavić na Sabiya ya yi 50.59. Čavić ya miƙa hannu yana sulalewa zuwa bango, Phelps kuwa ya ƙara rabin bugu ya dira da ƙarfi. Sabiya ta shigar da ƙorafi, kuma alƙalin da ya duba hotunan ya tabbatar da sakamakon ɗan Afirka ne, Ben Ekumbo na Kenya. Bayan haka, allo ba ya sanin ko hannu ɗaya aka taɓa shi da shi ko biyu. Ga kuma tsada da buƙatar lantarki da masu gyara, abin da ya sa gasar makarantu da ta ƙananan hukumomi kan ci gaba da dogaro da ido da agogon hannu. Ke nan jami'in da za a horar a Zariya ya fi kusa da yanayin Rum ta 1960 fiye da na Bejin ta 2008, kuma horonsa ya kamata ya fuskanci haka.

5.0 Matakan horo

Tsarin da ƙasashe da yawa ke bi tsani ne. A Biritaniya, misali, mutum kan fara da riƙe agogo, ya hau zuwa duba juyi, sannan duba salo da jeri, sannan sakin tsere, kafin ya kai matsayin alƙali. Kowane mataki yana da karatun doka, da tsayuwa a bakin ruwa ƙarƙashin kulawar gogaggen jami'i, da jarrabawa. Daga cikin waɗanda suka kai ƙololuwa ne hukumar kowace ƙasa ke miƙa sunaye zuwa jerin alƙalan duniya.

5.1 Mai agogo

Abu na farko da ake koya wa mai agogo shi ne ya danna da ganin walƙiyar fitilar sakin tsere, ba da jin ƙara ba. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan. A tseren mita 50, inda mai agogo ke tsaye a ɗaya ƙarshen, ƙarar kan ɗauki kusan sakan 0.15 kafin ta iso shi. A wannan ɗan lokaci gwani ya ci kimanin santimita 35. Agogon da aka tayar a makare kan nuna ɗan wasa ya fi ainihin saurinsa, kuma da irin wannan lokaci na bogi ake tura yaro babbar gasa ya je ya sha kunya.

Na biyu, ya tsaya a kan layinsa, ya sunkuya ya dubi bango, ya danna lokacin da ya ga taɓawa, ba lokacin da yake zaton za a taɓa ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin zuciya kan riga ido. Na uku shi ne dokar agogo uku: idan biyu suka dace, lokacinsu ne a hukumance, idan duka suka saɓa, sai a ɗauki na tsakiya, idan ɗaya ya lalace, a ɗauki matsakaicin biyun da suka rage. Wannan doka ba ta aiki sai kowane mai agogo ya nuna abin da agogonsa ya rubuta ba tare da leƙen na maƙwabcinsa ba. Idan biyu suka gyara nasu domin ya dace da na dattijon cikinsu, an koma agogo ɗaya ke nan da sunan uku.

5.2 Mai duba jeri

Mai duba jeri yana zama ne a wuri mai tudu, daidai saitin bangon ƙarshe. Idan ya goce gaba ko baya ko da taku biyu ne, layukan da ke kusa da shi za su riƙa bayyana a gaba ko a bayan na nesa, ga shi kuma faɗin babban wurin iyo ya kai mita 25. Ruwa ma yana karkatar da haske, ta yadda hannun da ke ƙarƙashinsa ba ya nan inda ido ke ganin sa. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan ba kima ake nema ba, mudun ake nema.

Ana horar da shi ya daina kallon mutane ya koma kallon bango, ya riƙa haddace lambobin layi a jere, ya rubuta su nan take kafin ya yi magana da kowa. Idan ya ga na ɗaya da na biyu amma na uku da na huɗu suka shige masa, ya rubuta biyun ya bar sauran fili. Filin da aka bari shaida ce ta gaskiya, cike shi da zato kuwa ƙarya ce ko da an dace. Doka ta kuma hana shi riƙe agogo a tseren da yake duba jeri, domin hankali ba ya rabuwa biyu a cikin ƙiftawar ido. Hanya mai sauƙi ta koyar da wannan ita ce a ɗauki ƙarshen tsere da wayar hannu daga saitin bango, masu koyo su rubuta jerinsu, sannan a mayar da hoton a hankali kowa ya ga inda idonsa ya yaudare shi. Wanda ya ga kuskurensa sau goma a gaban abokan karatu ba zai yi saurin rantsuwa a ranar gasa ba.

5.3 Mai duba juyi da taɓawa

Wannan jami'i ba ruwansa da wanda ya riga. Aikinsa shi ne ya tabbatar an taɓa bango yadda salon ya tanada. A iyon zaɓi kowane sashe na jiki ya wadatar. A iyon rigingine dole ɗan wasa ya isa yana kwance a bayansa. A iyon ƙirji, wanda yara ke kira iyon kwaɗo, da kuma iyon malam-buɗe-littafi, sai an taɓa da hannu biyu a lokaci guda, kuma a rabe, ba ɗaya a kan ɗaya ba. A tseren karɓa-karɓa kuma ƙafar mai karɓa ba za ta bar dandamali ba sai abokinsa ya taɓa. A gasar duniya ta Melbon a 2007 an kori tawagar Amurka saboda Ian Crocker ya tashi sakan 0.04 kafin lokaci. Dokar tashi ma ba ta da sassauci: a Sidni a 2000 an kori Karim Bare na Nijar da Farkhod Oripov na Tajikistan saboda riga alama, abin da ya sa Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini ya yi tseren mita 100 shi kaɗai.

Ƙa'idar da ake nanata wa wannan jami'i ita ce ya kai rahoton abin da ya gani kawai. Idan yana kokwanto, ɗan wasa ne ke cin ribar kokwanton. Kuma shi ba ya korar kowa. Rahoto yake kai wa, alƙali ne ke kora.

6.0 Shaida daban, alƙali daban

A nan ne harshe ya shigo cikin maganar. Hausar kafofin watsa labarai ta saba kiran duk mai busa usur ko ɗaga tuta "alƙalin wasa". Idan aka bi wannan a iyo, za a wayi gari da alƙalai fiye da talatin a bakin ruwa ɗaya, kowanne yana jin yana da hukunci. Alhali a dokar iyo mutum ɗaya ne ke da ikon yanke hukunci a kan tsere. Sauran duka masu ba da shaida ne.

Birnin Zariya ya san wannan rabo tun kafin a gina wurin iyo na farko a ƙasar nan. Littattafan Malikiyya da alƙalan Arewa suka tashi da su, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, sun yi dogon bayani a kan shaida. Mashahurin ra'ayin mazhabar shi ne alƙali ba ya yanke hukunci da saninsa na kansa, sai da hujjar da aka gabatar a gabansa. Da babban alƙalin Rum ya san wannan mas'ala, da bai jefa ganinsa a cikin sikeli ba. Haka kuma ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, ba domin an tabbatar maƙaryata ba ne, sai domin tuhuma. Fassarar wannan a bakin ruwa ita ce kada a ɗora malami a kan layin ɗalibin makarantarsa, kuma wanda aka cire saboda haka ya fahimci ba zarginsa aka yi ba.

Dokar yau ta bai wa alƙali ikon tantance jeri idan ana amfani da masu duba jeri ba tare da agogon zamani uku a kowane layi ba. Wannan iko na auna shaidu ne, wato ya tara takardun jeri da na lokaci ya ga inda rinjaye yake. Inda kuwa allon taɓawa ke aiki lafiya, sakamakonsa ne ke gaba da na kowa.

Akwai wata matsala da littafin doka na duniya bai san da ita ba, wato kunya. Tarbiyyar Bahaushe ta hana yaro musanta babba a bainar jama'a, kuma wannan kyakkyawar ɗabi'a ce a zaure. A bakin ruwa kuwa, ɗalibin da ke riƙe da agogo kusa da malaminsa zai ji nauyin faɗin lambar da ta saɓa wa tasa. Yi masa wa'azin jarumta ba zai wadatar ba. Abin da zai yi aiki shi ne a tsara aikin yadda ba sai ya buɗe baki ba: kowa ya rubuta a takardarsa, a ninke, mai tarawa ya karɓa ya kai teburin alƙali. Ta haka an tsare shaida, an kuma tsare ladabi. Wani gefen na wannan al'amari shi ne gasar 'yan mata, wadda iyaye da yawa a cikin birni ba za su amince da ita ba matuƙar maza ne ke tsaye a bakin ruwa. Horar da mata a kowane mataki na tsanin, har zuwa alƙalanci, sharaɗi ne na samuwar gasar tun asali.

7.0 Kalmomin aiki

Idan za a yi horon da Hausa, kamar yadda ya dace ga malaman firamare da masu aikin sa kai, sai an daidaita kalmomi kaɗan. "Iyo" da "ninƙaya" duka suna nan a bakin jama'a, kuma babu laifi a bar su tare. "Kunnen doki" ta fi "canjaras" dacewa da tsere, domin hoton da ke cikinta na abu biyu ne da suka tsaya daidai, kuma samuwarta na sauƙaƙa wa jami'i ya yarda cewa rashin fitar da gwani ɗaya ba gazawa ba ce. Sai dai a koya masa cewa idan kunnen dokin ya faɗo a kan gurbin ƙarshe na shiga zagaye na gaba, doka ta tanadi a sake tsere tsakanin mutanen biyu.

Kalmar da ke da haɗari ita ce "daƙiƙa". A Larabci minti take nufi, kuma haka wanda ya tashi a makarantar zaure zai fahimce ta, amma a Hausar rediyo sau da yawa ana amfani da ita a ma'anar sakan. A takardar gasa gara a tsaya ga "minti" da "sakan". Wannan ya fi muhimmanci a dokar ƙorafi, wadda ta ce shugaban tawaga ya miƙa ƙorafinsa a rubuce ga alƙali cikin minti 30 bayan kammala tseren. A cikin wannan wa'adi babu takardar jeri ko ta lokaci da za a yaga ko a sake kwafewa. Ana ajiye su ne kamar yadda aka rubuta su, da gogewarsu da filayen da aka bari, kowace ɗauke da sa hannun mai ita, har sai kwamitin ɗaukaka ƙara ya nemi ganin su ko kuma wa'adin ya cika.